Kama da Wane Ba Ta Wane

Ranar Lahadi, idan kasuwar Mai'aduwa ta cika ta batse, yawancin baƙi kara suke nufa, domin shanu da raƙuma da tumakin da ake korowa daga ƙetaren iyaka su ne suka yi wa kasuwar suna. Ni kuwa inda na fi tsayawa shi ne layin masu awo da 'yan koli, wurin da fararen kaya ke jere a kwanuka da bakin buhu. Ga gishiri, ga farar kanwa, ga alimun, ga sukari, in damina ta ƙarato kuma ga takin zamani can gaba kaɗan. Duk farare ne. Da za a niƙa kowanne a zuba maka a tafin hannu, ido kaɗai ba zai raba maka su ba, kuma babu mai hankalin da zai biya kuɗi don ya ga fari. Tsohuwar da ta zo sayen kanwa sai ta ɓantari 'yar mitsitsiya ta ɗora a harshe. Manomi yakan damƙi taki ya murza, wani ma ya jefa a ruwa ya ga ko zai narke tas ko zai bar yashi a ƙasan kwano. Ba a aji suka koyi wannan ba. An cuce su ne, ko an cuci iyayensu, shi ya sa suka koma tambayar kaya maimakon tambayar mai kaya.

A madafa ma haka abin yake. Uwargida ta haɗa miyar yakuwa, tsami ya yi yawa, sai ta jiƙa kanwa ta tsiyaya ruwan a tukunya. Nan take miya ta taso da kumfa tana tsuwa, jim kaɗan ta lafa, tsami ya mutu. Kanwar nan da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna shigowa da ita ƙasar Hausa daga Manga da Muniyo da gefen tafkin Cadi, mafi yawan jikinta sodiyam kabonet ne da ɗan'uwansa baikabonet. Tsamin yakuwa kuwa asid ne. Da sun haɗu sai iskar kabon dayoksayid ta fita, ita ce kumfar. In aka ba uwargida wani farin gari aka ce kanwa ce, ta zuba a tsami ta ga shiru, ba sai an faɗa mata an yi mata ha'inci ba.

Wannan kumfar dai ita ce ɗanta ɗan SS3 yake nema ranar firaktikal ɗin kimistiri, sa'ad da ya ɗiga asid mai ruwa-ruwa a kan garin da aka ba shi. Bambancin kawai, shi ba a yarda ya tsaya a kumfa ba. Akwai wani gishirin, salfayit, shi ma yana yin kumfa da asid, sai dai tasa iskar tana da wari mai shaƙe mutum irin na farar wuta in an ƙona. Don haka yaro zai kaɗo iskar da tafin hannu zuwa hancinsa a hankali, ya tabbata ba ta da wari, sannan ya bi da ita cikin ruwan kalsiyam haidiroksayid wanda yake garau, ya ga ko zai gurɓace ya yi fari-fari. Sai ya ga haka ne zai sa biro ya ce akwai kabonet.

Abin da ake farauta a waɗannan gwaje-gwaje shi ne ayon. Gishirin miya in ya shiga ruwa ba ɓacewa yake yi ba, rabuwa yake yi gida biyu: sodiyam mai cajin lantarki iri ɗaya, da kulorayid mai kishiyar cajin, kowanne na yawonsa a ruwan. Lokacin da wani matashi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo wannan bayani a kundin digirinsa a 1884, malaman da suka duba shi ba su ba shi maki mai kyau ba. A 1903 kuma saboda aikin nan aka ba shi kyautar Nobel. Babu idon da ke ganin ayon. Amma kowanne yana da halinsa, akwai abin da in ya haɗu da shi sai ya canza launi, ko ya daskare ya kwanta a ƙasa a matsayin guggubi, ko ya fitar da iska. Ta halinsa ake gane shi.

A jarrabawar WAEC da ta NECO, bayan tambayar awon asid da kishiyarsa, akan miƙa wa ɗalibi ɗan gari a leda ko a ƙaramar kwalba, ba suna a jiki sai harafi, galibi C. Zai ja layi ya raba takardarsa gida uku. Gidan farko, abin da ya yi. Na biyu, abin da ya gani. Na uku, abin da ya fahimta daga abin da ya gani. Umarnin da ke kan takardar tambaya ma yakan ce a rubuta komai da biro, kuma a rubuta shi a daidai lokacin da aka gan shi, ba sai an gama an zauna ana tunowa ba. A ganina, a duk abin da muke koya wa yara a sakandare, kaɗan ne suka kai waɗannan gidaje uku daraja, kuma ba don kimistiri kaɗai nake faɗar haka ba.

Bari mu bi yaron kusa-kusa. Ya narkar da C a ruwa, ya raba ruwan a kwalaben gwaji. Ya ɗauki ta farko ya ɗiga mata sodiyam haidiroksayid, sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu. In ya yi sa'a launi zai taimake shi: guggubi shuɗi mai haske na jan ƙarfe ne, kore mai dauɗa na baƙin ƙarfe ne mai caji biyu, ja-ja launin tsatsa kuma na baƙin ƙarfe mai caji uku. Amma sau da yawa abin da zai bayyana fari ne, kuma a nan ake raba mai haƙuri da mai gaggawa. Farin guggubi na iya zama na kalsiyam, na iya zama na tutiya, ko alminiyam, ko dalma. Sai ya ci gaba da ƙara soda har ta yi yawa, yana girgiza kwalbar. In farin ya tsaya bai narke ba, hankali ya koma kan kalsiyam. In ya narke ruwan ya koma garau, an sallami kalsiyam, saura uku. Wanda kuwa ya tuttula sodar gaba ɗaya tun farko, ba zai ma ga farin ba, don zai fito ya narke kafin ya ɗaga ido, sai ya rubuta cewa babu abin da ya faru. Ƙarya ce ya rubuta ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba.

A wannan gaɓar, abin da aka yarda ya rubuta a gida na uku shi ne: mai yiwuwa tutiya, ko alminiyam, ko dalma. Sunaye uku, ba ɗaya ba. In ya zaɓi ɗaya ya ce shi ne, ko da ya dace da gaskiya, bai cancanci makin ba, domin abin da ya gani bai kai shi nan ba tukuna. Sai ya ɗauki kwalba ta biyu ya ɗiga ruwan amoniya, nan ma kaɗan-kaɗan sannan da yawa. Farin tutiya yana narkewa in amoniya ta yi yawa. Na alminiyam da na dalma suna nan daram. Saura biyu ke nan. Kwalba ta uku ya ɗiga mata fotasiyam ayodayid. In alminiyam ne, shiru. In dalma ce, nan take kwalbar za ta cika da guggubi ruwan ɗorawa, wanda in aka ɗumama shi ya narke, ya huce kuma sai ya dawo yana saukowa ƙyal-ƙyal launin zinariya. Yanzu ne, bayan tambaya uku, aka ba shi izinin rubuta: an tabbatar akwai dalma.

Kama da wane ba ta wane, in ji Bahaushe. Kwalbar gwaji ba ta ƙara komai a kan wannan magana ba, illa ta tilasta wa yaro ya yi aiki da ita da hannunsa.

Ɓangaren ayon masu kishiyar caji ma tarkon iri ɗaya ne. Ka ɗiga bariyam kulorayid ka ga fari, ka yi saurin cewa salfet ne. Ashe kabonet da salfayit su ma fari suke bayarwa. Sai an bi da asid ɗin haidirokulorik: in farin ya narke ba salfet ba ne, in ya ƙi narkewa shi ne. Kulorayid kuma ana kama shi da silba naitiret bayan an sa asid ɗin naitirik, ya ba da farin da amoniya ke narkarwa. Wannan gwajin yana da wani aibu da ya kamata a tsaya a kansa. Ruwan rijiya da na famfo da na leda kusan duk suna ɗauke da ɗan kulorayid. Yaron da ya ɗauraye kwalbarsa da ruwan randa, ko ya narkar da C a cikinsa, zai ga fari-fari ko da babu ɗigon kulorayid a C, ya ɗora wa garin laifin da shi ya kawo daga waje. Shi ya sa ake dagewa sai ruwan da aka dafa aka tare tururinsa, wanda masu batir ke kira distil. Kafin a tuhumi abin da ke cikin kwalba, kwalbar ake fara wankewa.

Harshen wuta ma yana ba da shaida. Duk wadda ke girki da gas ta san in miya ta tafaso ta zubo, shuɗin wutar kan koma rawaya. Sodiyam ɗin gishiri ne. Fotasiyam, wanda ya yi yawa a ruwan tokar da marina da masu sabulun gargajiya ke tacewa, nasa launin shuɗi-shuɗi ne mai ratsin ja, mara ƙarfi, kuma ɗan sodiyam kaɗan ya isa ya rufe shi ruf. Sai an duba ta cikin shuɗin gilashi mai tare rawayar kafin a gan shi. Ta hanyar karanta hasken wuta irin wannan, da na'urar da ke rarraba haske, Bunsen da Kirchhoff suka gano sabon sinadarin siziyam a ruwan wata maɓuɓɓuga a Jamus a 1860.

Kada wani ya ɗauka wannan ilimi baƙo ne a wurinmu. Dukawa sun daɗe da sanin kuloko, ruwan da ake jiƙa guntayen ƙarfe ko kashin maƙera a ciki. In aka shafa shi a fatar da majema suka jeme da bagaruwa sai ta koma baƙa wuluk, kuma baƙin ba daga ruwan kaɗai yake ba, haɗuwar ƙarfe da ɗacin bagaruwar da ya shiga fatar ce ke haifar da shi. Gwajin baƙin ƙarfe ke nan, ba ragi. Kusan shekara dubu biyu da suka wuce, marubucin Rumawa Pliny ya bayyana yadda ake kama masu gauraya wani koren magani da gishirin ƙarfe: a jiƙa takarda a ruwan wani ɗan itace mai irin wannan ɗaci, a shafa mata maganin, in ta yi baƙi an kama su. Abin da makaranta ta ƙara a kan sanin baduku da na uwargida shi ne tsari da rubutu: wace tambaya ce ta farko, wace ce ta biyu, kuma a ajiye amsar yadda wani a Damagaram ko a Legas zai maimaita ya samu abin da ka samu. Wani Bajamushe, Fresenius, ya fitar da littafin da ya tsara wannan hanya a 1841, kuma jadawalin da yaranmu ke haddacewa yau jikan wancan ne.

To, a kalmar haddacewa ɗin nan damuwata take.

A makarantu da yawa na karkararmu, ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai. Akwai tebura, akwai famfon da ba ya kawo ruwa, akwai kwalabe a kabad waɗanda rubutun jikinsu ya goge. Yaro zai yi shekara uku yana karatun kimiyya bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa. Hukumomin jarrabawa kan aika wa makarantu takardar sirri kafin ranar, don malami ya tanadi kayan da za a yi aiki da su, kuma kowa ya san a wurare da dama sirrin ba ya kwana. Sai a cika allo da amsa: in kun zuba kaza za ku ga kaza, ku rubuta kaza. Ranar jarrabawa yaro ya zauna ya cika gida na biyu, gidan abin da ya gani, da abin da aka faɗa masa. Wani ko leda bai kwance ba. Muna kiran wannan taimako. Ni ban san sunan da ya dace da mutumin da ya rubuta na gani alhali bai gani ba, in ba mai shaidar zur ba, kuma mu manya ne muka zaunar da shi muka koya masa, muka yi masa addu'ar Allah ya ba da sa'a.

Na taɓa zama a bayan aji a wata sakandare a ƙasar Daura, malamin kimistiri na gwada wa 'yan SS2 aikin soda. Malami ne mai ƙoƙari, da kuɗin aljihunsa ya sayo wasu kayan. Ya riga ya rubuta a allo cewa gishirin ƙarfen da ya raba musu zai ba da kore mai dauɗa. Yara suka ɗiga, suka duƙa suna rubutu. Sai wata yarinya daga layin taga ta ɗaga hannu.

"Malam, nawa fa bai yi kore ba."

Aji ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce ai ga shi can a allo, ta kwafa mana. Malamin ya tako ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta saitin haske.

"Me kika gani?"

"Ƙasa-ƙasa ne, Malam, kamar ja-ja. Koren kaɗan ne a ƙasa."

"To shi za ki rubuta, 'yata. Kada ki rubuta nawa."

Ya koma tebur ya ɗauko babbar kwalbar da ya ɗebo wa kowa daga ciki. Ruwan da ya kamata ya zama kore-kore mai haske ya riga ya juya rawaya. Tun makon da ya wuce ya haɗa shi, iska ta shiga ta mai da yawancin ƙarfen daga mai caji biyu zuwa mai caji uku. Ya bi layi-layi yana ɗaga kwalaben sauran yara: duk ja-ja ne, duk kuma littattafansu sun ce kore. Bai yi faɗa ba. Ya sa kowa ya soke abin da ya rubuta da layi ɗaya, yadda za a iya karanta kuskuren, ya sake duba kwalbarsa, ya rubuta sabo a ƙasa. Sauran lokacin darasin a kan dalilin canjin launin ya ƙare, kuma na tabbata yaran nan sun fahimci tsatsa a ranar fiye da yadda babi guda na littafi zai fahimtar da su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan waɗanda suka ga ja suka rubuta kore. Ba makafi ba ne, ba kuma maƙaryata ba ne. An saba musu ne cewa allo ya fi idonsu gaskiya.

Wani zai ce duk wannan wasan aji ne, me ya haɗa shi da rayuwa. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Alamun da aka gani, amai da suma da jijjiga, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sun yi kama da na sanƙarau. An ba da maganin da ya dace da kamannin, yara ba su tashi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ƙi tsayawa a kama, suka aika da jini aka auna, sannan aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariyar da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu. A Tibiri kusa da Maraɗi kuwa, daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, mutane na shan ruwan famfo garau, ba wari ba ɗanɗano, ashe fulorayid ɗin cikinsa ya ninka ma'aunin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ɗaruruwan yara ƙasusuwansu suka tanƙware. Har kwallin da kaka ke rambaɗa wa jariri don ido ya yi kyau, mai ƙyallin nan na dutse, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da ya kamu da gubar, aka auna tozalin da ake sa masa aka samu sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Gaskiya ne gwajin aji ba zai kama irin waɗannan ba. Dalmar da ta isa ta lalata ƙwaƙwalwar yaro ta yi ƙanƙantar da fotasiyam ayodayid ba zai nuna ta a ruwan sha ba. Wannan aikin manyan na'urori ne. Amma wannan ma darasi ne da malamin kirki ke koyarwa: in ka ɗiga ba ka ga komai ba, abin da za ka rubuta shi ne ban ga canji ba. Ban gani ba daban, babu daban. Kuma wanda zai zauna gaban babbar na'urar gobe, a asibiti ko a hukumar ruwa ko wajen tantance taki da magani a bakin iyakar Kwangwalam, shi ne dai yaron da ke SS2 yau. In ya saba cika takarda da abin da ake so a gani, na'urar miliyoyin naira ba za ta canza masa hali ba. Zai sa hannu a kan ruwan da bai auna ba.

Mu da muka bar makaranta da daɗewa ma kullum muna cike gidajen nan uku, sai dai mukan haɗe na biyu da na uku mu mai da su ɗaya. An ga wane ya sayi burodi cike da buhu ya ɗaure a babur ya nufi daji. Iyakar abin da aka gani ke nan. Mai yiwuwa mai shayi ne a ƙauye, mai yiwuwa suna ake yi a gidansu, mai yiwuwa kuma 'yan bindiga yake kai wa. Sunaye uku ne, kuma a halin da jihar Katsina ta shiga na rashin tsaro ba wanda zai ce a yi watsi da na ukun. Amma kafin la'asar saƙo ya zaga wayoyi cewa wane infoma ne, kuma mai turawa zai rantse maka gani aka yi. Mu 'yan Arewa mun ɗanɗani ɗacin wannan daga ɗaya ɓangaren: a watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare motar mafarauta masu komawa gida Kano yin Salla, aka ga bindigogin farauta, aka yanke hukuncin cewa masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Bindigogin gaskiya ne an gan su. Tambaya ta biyu ce ba wanda ya tsaya ya yi.

Jiharmu ta taɓa ba ƙasar nan shugaba wanda wannan fanni ne sana'arsa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karanta kimistiri da koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koma ya yi digiri na biyu a fannin tantance sinadarai, ya kuma koyar a Zariya da Katsina kafin ya shiga kasuwanci da siyasa. Ranar 29 ga Mayu, 2007, a jawabinsa na karɓar mulki, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyaran harkar zaɓe. Ba zan ce kwalbar gwaji ce ta sa shi faɗar haka ba. Tarbiyya da hali suna da nasu rabon. Amma duk sa'ad da na tuna maganar, malamin kimistiri nake gani, wanda sakamakon bai zo yadda zai yi masa daɗi ba, ya kuma rubuta shi yadda ya zo.

Abin da ake buƙata don yaran Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure su yi wannan aiki da hannunsu bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ba. Ba sai an jira kwangilar sabon gini ba. Kwalaben gwaji, abin ɗiga, takardar litmas, tabarau na kare ido, da sinadarai da ba su wuce goma ba: soda, amoniya, asid iri uku, bariyam kulorayid, silba naitiret, fotasiyam ayodayid. Da yake ɗigo-ɗigo ake amfani da su, ƙaramar kwalba takan kai shekara. Abin da za a gwada kuwa yana nan kewaye da makarantar. Alimun zai ba da alminiyam da salfet. Takin da ke da amoniyam, in aka ɗumama shi da soda, zai fitar da zarnin da ke mai da jar litmas shuɗiya. Tsohuwar ƙusa da aka jiƙa a asid za ta ba da ƙarfe, ɓawon ƙwai ya ba da kalsiyam da kabonet, ruwan zoɓo kuma ya tsaya a madadin litmas in ta ƙare, don yana yin ja jawur a tsami ya koma duhu mai kore-kore a ruwan kanwa. A fara tun SS1, kowane yaro da kwalbarsa, kuma malami ya riƙe amsar a cikinsa har sai sun rubuta tasu.

Sharuɗɗan kaɗan ne amma ba a sassauta su. Ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, ko da ya yi kama da gishiri, domin bariyam kulorayid da gishirin dalma guba ne. Ragowarsu ma ba a zubar da shi inda awaki ke sha. Asid ake zubawa a ruwa, ba ruwa a asid ba. Silba naitiret a ajiye shi a kwalba mai duhu, don haske na lalata shi. Ruwan gishirin ƙarfe mai caji biyu kuwa, a haɗa shi da safiyar ranar da za a yi aiki da shi.